Amsoshin Tambayoyinku: Fim Mai Kama da Rayuwa da Fim Mai Nuna Gwaninta

TAMBAYA: Malam, akwai fim ɗin da idan ina kallo sai in manta cewa shiri ne, akwai kuma wanda launinsa da haskensa da yankan hotonsa suke tuna mini cewa wani ne ya tsara shi. Bidiyon waƙa kuwa kusan duk irin na biyun ne. Wanne ya fi inganci? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama, wannan rabuwar tare da sinima aka haife ta. A 1895 wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka kafa kyamara a ƙofar masana'antarsu da ke Lyon a Faransa, suka ɗauki ma'aikata suna tashi daga aiki. Ba labari, ba kwalliya. A 1902 kuma Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne, ya fitar da fim ɗin tafiya duniyar wata, inda kumbo ya soki idon wata mai fuskar mutum. Shi da fenti da katako ya gina duniyarsa a cikin ɗakin ɗaukar hoto. Hanyar farko ita ce salon zahiri, ta biyu salon sarrafa siffa.

Ki ɗauke su kamar maɗinka biyu: ɗaya yana ɓoye ɗinkinsa ta ciki, ɗaya yana zuba aska takwas a gaban riga don a gani. Dukansu da allura suke aiki.

Mai salon zahiri yana son titi na gaske, hasken rana, da ɗauka mai tsawo ba tare da yawan yankewa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Vittorio De Sica ya fita titunan Rum ya shirya fim ɗin Ɓarayin Keke a 1948, kuma Lamberto Maggiorani da ya fito a matsayin uban da aka sace wa keke ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Haka Sembène Ousmane ya bi mai keken doki cikin unguwannin Dakar a Borom Sarret na 1963. Sai dai kada ki ɗauka babu hannun kowa a ciki. Ko fitar ma'aikatan Lumière ɗin nan, kala uku ne suka iso gare mu, wato an maimaita ɗaukar. Duk wanda ya zaɓi inda zai ajiye kyamara, ya riga ya zaɓi abin da ba za ki gani ba.

Shi kuwa ɗaya ɓangaren, ba ya jin kunyar nuna hannunsa. A fim ɗin Potemkin na 1925, Sergei Eisenstein ya yanyanka hoton sojoji suna harbin jama'a a kan matakalar Odessa: takalman soja, fuskar uwa, keken jariri yana gangarowa. Abin da zai faru cikin ɗan lokaci sai ya miƙe, har tsoron ya shiga jikin mai kallo. Ba a yi wannan kisan a kan matakalar yadda ya nuna ba, amma zaluncin da yake nufi ya isa zuciya.

Bidiyon waƙa yana karkata ga salon sarrafa siffa ne saboda kiɗa ke jan ragama. Mai tace hoto yana yankewa a kan bugun ganga, kuma minti uku ko huɗu kawai ke gare shi. Shi ya sa a bidiyon Take On Me na ƙungiyar a-ha, a 1985, budurwa ta faɗa cikin zanen fensir. Amma dubi bidiyon Nothing Compares 2 U na Sinéad O'Connor a 1990: yawancinsa fuskarta ce kawai a gaban baƙin bango, har hawaye ya zubo mata. Bangon tsari ne, hawayen na gaske. Finafinanmu na Kannywood ma suna haɗa biyun. Ana rigima a tsakar gida, waƙa na tashi sai ga masoya a lambu, kaya na sauyawa a kowane baiti.

Saboda haka ba zan fifita ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne a cika bidiyo da hayaƙi da tafiyar hawainiya alhali waƙar ba ta nemi haka ba, ko a kawo murya marar fita da hoto mai duhu a ce wai zahiri ake nunawa. In kina son gwadawa, ki kashe sautin bidiyon da kike so, ki ƙirga yankewar da aka yi a minti ɗaya, sannan ki kunna ki ji ko kowace ta faɗa inda waƙar ke buƙata.