Ku Yaƙi Kaska Tun Tana Ƙwai

Makiyayan Beli da sauran ƙauyukan Rogo da Ƙaraye sun san yadda kaska ke addabar shanu da damina. Amma gyaran tun bazara ake fara shi.

Macen kaska idan ta ƙoshi da jini, sai ta faɗo ƙasa ta nemi inuwa mai laima ta zuba ƙwai dubbai. Babbar kaska mai zane a baya, wadda ke tsananta cutar kirci, takan zuba fiye da 10,000. Ƙwan ba ya jure bushewa. Iskar hunturu da zafin Maris zuwa Mayu, da kan kai digiri 40, suna tsotse ruwan jikinsa ya mutu. Wanda ya tsira shi ne na ƙarƙashin taki, da tsagar bango, da ciyawar fadama irin ta gefen dam ɗin Challawa.

Saboda haka a kwashe takin garke a baza shi a rana. A liƙe tsagogin bango, a nome ciyawar gindin danga, a riƙa sauya wa dabbobi turke. Kaskar da aka cire a jefa ta wuta, kada a yar a ƙasa, kuma kada a murje ta da hannu, domin tana ɗauke da cuta. Kaji da zabi ma a bar su su yi kiwo a garke, domin su tsince kaskar.

Da saukar ruwan farko, a nemi malamin dabbobi ya tsara feshin magani. Rigakafi ya fi magani.