Darasi Daga Rayuwar Sarkin Kuwaiti, Shaihu Sabah Al-Ahmad

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, na san ka sha jin aya ta 9 ta Suratul Hujurati, wadda ta ɗora wa muminai nauyin sulhunta ƙungiyoyi biyu na 'yan'uwansu in suka yi faɗa. Jin ayar yana da sauƙi. Aiki da ita kuwa, shi ne inda mazaje ke gajiyawa. Saboda haka darasinmu na yau a kan wani mutum ne na wannan zamani wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana wannan aiki tsakanin ƙasashe, watau Shaihu Sabah Al-Ahmad Al-Jabir Al-Sabah, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a 1929. Kuwaiti 'yar ƙaramar ƙasa ce mai arzikin man fetur, a matse tsakanin Iraƙi da Saudiyya, ga Iran a tsallaken ruwa. Ta sami mulkin kai a 1961, ba a yi mako biyu ba shugaban Iraƙi Abdulkarim Ƙasim ya ce ai yankin ƙasarsa ce. Ƙasa irin wannan ba ta da rundunar da za ta tsorata kowa. A 1963 aka naɗa Sabah ministan harkokin waje, ya riƙe muƙamin kusan shekara 40, sa'an nan ya zama firayim minista a 2003, ya hau sarauta a 2006.

Ga misali ɗaya daga farkon aikinsa. Bayan yaƙin 1971 da ya raba Bangaladash da Pakistan, Musulmin ƙasashen biyu suka kasance ba sa ga maciji da juna. Da za a yi taron shugabannin ƙasashen Musulmi a Lahor cikin Fabrairun 1974, shi ne ya jagoranci tawagar da ta tafi Dakka. Pakistan ta amince da Bangaladash a matsayin ƙasa, aka zo da Shaihu Mujibur Rahman ya zauna a taron.

To, amma inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne maganar Iraƙi. Ran 2 ga Agusta 1990 sojojin Saddam Husaini suka mamaye Kuwaiti. A ranar aka kashe ɗan'uwansa Shaihu Fahad, wanda suke uba ɗaya, a fadar Dasman. Gwamnati ta yi hijira zuwa Ɗa'ifa. Kafin maharan su fita a 1991 sai da suka cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta, mutane wajen 600 kuma aka tafi da su ba su dawo ba. Ka tambayi zuciyarka, da kai ne, har abada za ka sake taka Bagadaza? Shi dai ya taka. A Maris na 2012 ya halarci taron ƙasashen Larabawa a can, shi kaɗai ne sarki daga ƙasashen Tekun Fasha da ya je da kansa. A Fabrairun 2018 kuma ya tara duniya a Kuwaiti don sake gina Iraƙi bayan yaƙin Da'ish, aka yi alkawarin kimanin dala miliyan dubu 30.

Kada ka ɗauka ya yar da haƙƙin mutanensa. Diyyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa Iraƙi ba a yafe ta ba. Da yaƙi ya matsa wa Iraƙi a 2014, Kuwaiti ta yarda a jinkirta biya, daga baya aka ci gaba, har aka kammala dala miliyan dubu 52 da 'yan kai a farkon 2022. Samarinmu da yawa sun ɗauka abu biyu ne kawai: ko ka yafe kome, ko ka riƙe gaba har kabari. Alhali ana iya bin bashi kuma a gaisa.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa yana ɗan shekara 87. Ran 5 ga Yuni 2017, cikin watan azumi, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Baharain da Masar suka yanke hulɗa da Ƙatar, suka rufe mata hanyar sama da ta ruwa da ta ƙasa. Aka ba 'yan Ƙatar kwana 14 su bar ƙasashen maƙwabta uku, miji a nan, mata a can, har raƙuma dubbai aka koro daga makiyaya. Washegari tsohon nan ya hau jirgi zuwa Jidda wurin Sarki Salman, kashegari Dubai, daga nan Doha. Ta hannunsa aka miƙa wa Ƙatar sharuɗɗa 13, ciki har da rufe tashar Aljazira da sansanin sojan Turkiyya, ta hannunsa kuma amsa ta koma. Bai fito fili ya ce wane ne mai gaskiya ba. Na san a cikinku akwai mai cewa wannan ai tsoro ne, ko fuska biyu. A'a malam! Ranar da mai shiga tsakani ya yanke hukunci a bainar jama'a, ƙofa ɗaya ta rufe masa ke nan, wa zai kai saƙo? A Satumba na shekarar, a fadar shugaban Amurka, ya bayyana cewa muhimmin abin da aka samu shi ne an hana abin ya kai ga ɗaukar makami.

Ba kullum ya ci nasara ba. A 2016 ya sauke ɓangarorin yaƙin Yaman a Kuwaiti tun daga Afrilu har Agusta, aka tashi ba a ƙulla kome ba. A Disamban 2017 ya kira taron sarakunan yankin a gidansa, Sarkin Ƙatar kaɗai ya zo, sauran suka aiko wakilai, taron kwana biyu ya koma na yini ɗaya. Wani da sai ya yi fushi ya ce ba ruwansa. Shi sai ya ci gaba da aika wasiƙu da manzanni.

Kuma ba muna ce maka waliyyi ne ba, don ba al'adarmu ba ce mu wuce gona da iri a kan mutum. A zamaninsa an ɗaure mutane saboda sukar sarki, kamar tsohon ɗan majalisa Musallam Al-Barrak da aka yanke wa shekara 2 a 2015, an ƙwace wa waɗansu takardar zama 'yan ƙasa, matsalar mutanen da ake kira Bidun marasa ƙasa kuma ba a warware ta ba. Haƙurin da ya yi da maƙwabta, 'yan gida ba su sami kamarsa ba, wannan kuwa abin zargi ne.

Ya rasu a wani asibiti a Amurka ran 29 ga Satumba 2020, yana da shekara 91, iyakar Ƙatar tana rufe. Ƙanensa Shaihu Nawaf ya gaje shi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ran 4 ga Janairu 2021 ministan harkokin wajen Kuwaiti ya ba da sanarwar buɗe iyakar, washegari aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a garin Al-Ula na Saudiyya. Taron kuwa an sa masa sunan mutum biyu da ba su ga ranar ba: Sarki Ƙabus na Oman da Shaihu Sabah.