Shin Marubuta Sun Riga Masana Kimiyya Zuwa Wata?

Tambayarmu ta fito ne daga wani ɗalibi mai sauraronmu a unguwar Gesse, Birnin Kebbi. Yana tambaya: shin da gaske ne marubutan ƙagaggun labarai sun hango ƙere-ƙeren zamani tun kafin a ƙera su?

To, ɗan'uwa, mun gode. Gaskiya ne, sun hango. A 1865 marubucin Faransa Jules Verne ya ƙago labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Fulorida ta Amurka. A 1969 kuwa, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Fulorida ɗin nan, ɗauke da mutum uku. Sai dai Verne da igwa ya harba nasa, masana kuwa roka suka ƙera.

Mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba. A shekarar 1969 ɗin aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da ya kewaya sararin samaniya.

Wannan hange ba duba ba ne, ɗan'uwa. Hange ne na mai karatu da lura. Ka riƙe karatun kimiyya da kyau. Allah ya ƙara basira.