Noman Shuwaka a Lambunan Agege

Gabatarwa
Shuwaka, wadda Yarbawa ke kira ewuro, Ibo kuma onugbu, tsiro ce 'yar asalin Afirka. Masana suna kiranta Vernonia amygdalina. Tana fitar da ƙananan furanni farare masu ƙamshi a lokacin rani, kuma tsayinta yakan kai mita 2 zuwa 5. Idan saiwarta ta kama ƙasa tana jure fari. Saboda haka ta dace da manoman lambu na Agege da kewaye, inda ruwan sama ke ƙaranci daga Nuwamba zuwa Maris, ganye kuma ya yi tsada a kasuwa.

Shirya ƙasa
A zaɓi wurin da ruwa ba ya kwanciya. Ruwan Legas yana da yawa a Yuni da Yuli, don haka a ɗaga kunya sosai. A zuba takin shanu ko kashin kaji wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Dashe
An fi dasa reshe a kan shuka iri, domin reshe ya fi saurin girma. A yanko reshe mai ƙwari daga uwa mai lafiya, tsawonsa kamar santimita 30 zuwa 45, mai idanu 3 ko 4. A soke shi a karkace, rabinsa cikin ƙasa, idanun suna duban sama. A bar tazarar kamar mita 1 tsakanin tsiro da tsiro. Farkon damina shi ne lokaci mafi kyau. Mai ƙaramin fili yana iya jera ta a matsayin shinge.

Kulawa
A yi ban ruwa har sai reshen ya tofo. Da rani a rufe gindin da busasshiyar ciyawa don riƙe laima. Kada a yi ban ruwa da ruwan kwata, domin wasu na shan ruwan ganyen ɗanye.

Girbi
A riƙa yanke kan rassan da wuƙa mai kaifi maimakon tsinke ganye ɗaya-ɗaya. Yin haka yana sa sababbin rassa su fito, yana kuma jinkirta fure, domin idan ta yi fure ganyenta yakan ƙanƙance. Wanda bai sayu ba a shanya shi a inuwa.

Ga malamin gona
A nuna wa manoma yadda ake yanka da dashe a lambun ɗaya daga cikinsu. Shuwakar da ta samu kulawa takan yi shekaru ana girbinta ba tare da sabon dashe ba.