Yadda ake tayar da pawar sitiyarin tsohuwar mota

Tsohuwar mota ba ta ɓoye ciwon sitiyarinta. Da sanyin safiya famfo zai kama kuka da zarar ka murza sitiyari, ka ja baya ka ga ɗigon jan mai a inda ta kwana, a hankali sitiyarin ya yi nauyi har sai ka sa hannu biyu kafin ka sha kwana. Wasu sai su sayi gorar mai su riƙa ƙarawa kullum. Wasu a canja musu famfo, bayan 'yan watanni kukan ya dawo. Dalili kuwa shi ne mai ɗaya ne ke zagayawa daga tanki zuwa famfo, ya bi tiyo zuwa rak, ya komo tanki. Dattin da ya cinye tsohon famfo yana nan kwance a rak da tiyo yana jiran sabo. Saboda haka in za a yi aikin, a yi shi baki ɗaya.

Mu ɗauki Toyota Camry ƙirar 2002 zuwa 2006, wadda har yanzu take kai yara makaranta a Kano da Kaduna. Da farko a wanke ƙarƙashin injin, a ɗan zaga da ita, sannan a leƙa a ga ta ina man ke fita. A matsa robar nan mai lanƙwasa da ke rufe kowane gefen rak. In ta cika da mai, sil ɗin ciki ya mutu. In kuma a yage take, to ƙura da ruwan damina sun daɗe da shiga.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a miƙar da tayoyi, a ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera, a cire kan batir. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya a nannaɗe wadda ke kai wuta ga hon da jakar iska. In aka raba sitiyari da rak aka bar shi yana juyawa yadda ya ga dama, sai ta tsinke. A ɗaga gaban motar a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe. Kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jek kaɗai, ko kan duwatsun da aka jibga.

Sai a zuƙe man tanki, a kwance tiyon da ke dawo da mai a tsiyaye sauran. A yi alama da fenti a mahaɗar sandar sitiyari da rak. Lokacin kwance tayarod na waje a ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya fita, a rubuta, domin da lissafin nan za a mayar da shi motar ta iya kaiwa wurin saiti ba tare da ta ci taya ba. Notocin bututun mai suna da laushi, sufana mai kama noti sosai ake sa musu, in ba haka ba kansu ya murje. Daga nan a kwance ƙusoshin da ke riƙe da rak a zaro shi ta gefe.

A nan ne ake gane makanike. Ban yarda a buɗe rak a ƙasa kan yashi ba, ko da ogan garejin ya shekara talatin yana yin haka. A shimfiɗa kwali mai tsabta a kan tebur, a wanke hannu. Famfon nan yana tura mai da ƙarfin da ya kai wajen PSI 1,000 ko fiye, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta karce sil. A zaro doguwar sandar rak a goge ta, a bi ta da farce. In sumul take, aiki ya yi sauƙi. In farce ya maƙale a ramukan tsatsa daidai inda sil ke gogawa, sabon sil ba zai yi sati biyu ba. Gara a nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo rak na Beljiyam, shi ma a zame robarsa a duba sandar tun kafin a biya kuɗi. In sandar lafiya take, a canja duka sil-sil da zobban roba, har da zobban Teflon da ke jikin bawul ɗin finiyon. Zobban Teflon ɗin sukan buɗe idan aka sa su, don haka a matse su a bar su su koma daidai kafin a tura bawul ɗin gidansa, kada bakin ƙarfe ya yanke su. A shafa wa kowane sil man sitiyari kafin ya shiga, a naɗe haƙoran sandar da leda lokacin da za ta ratsa sabon sil. Giris na haƙora ne kawai. Notin da ke danne sandar kuwa, in ya yi sako-sako za a ji ƙwas-ƙwas a gargada, in ya matse da yawa sitiyari ba zai dawo da kansa bayan kwana ba. Sabuwar roba a ɗaure ta da kilif, ba da guntun waya ba.

Famfo bai kai rak wuya ba. A buɗe shi a duba 'yan faifan ƙarfen da ke cikinsa da zoben da suke gogawa. In zoben ya yi zane-zane, famfon ya gama yayi. In lafiya, a canja sil ɗin gaba da zobban roba, a wanke ƙaramin bawul ɗin da ke daidaita ƙarfin mai, a mayar da 'yan faifan gefensu mai zagaye yana kallon waje.

Abin da aka fi mantawa shi ne tanki. A gindinsa akwai rariya wadda baƙin datti ke toshewa, famfo ya rasa mai ya yi ta kuka alhali lafiyarsa ƙalau. A wanke ta har haske ya ratsa. Tiyon da ke ɗaukar matsi in yana gumi a canja shi, ba a yi masa faci, a sa masa sababbin washa na jan ƙarfe.

Camry ɗin nan man giya na ATF, Dexron II ko III, take sha. Honda kuwa nata man daban ne, in aka zuba mata ATF sil-sil ɗinta ne za su biya. Man birki yana kumbura roba, baƙin mai kuma ba wurinsa ba ne.

Bayan an haɗa komai, a cika tanki, tayoyi suna sama, injin a kashe. A juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali kamar sau 20, ana ƙara mai yayin da yake sauka. Sannan a tayar da injin a maimaita, ba tare da an danne sitiyarin a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu ba. In man ya yi kumfa, a kashe a jira ya kwanta. Gaggawa a nan ita ke sa sabon famfo ya gudu babu mai. Idan kumfa ya ɗauke kuma kuka ya tsaya, a sauke motar a wuce wurin saitin taya a ranar. Bayan mako guda a sake leƙa robobin rak da bakin kowane tiyo, a duba matakin mai injin yana sanyi.