Haɗa Sakamakon Bincike-Bincike: Abin Da Ɗalibi Ya Kamata Ya Lura Da Shi

Duk ɗalibin da ya zo rubuta babi na biyu na kundinsa, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya san wannan matsala: wane ya ce kaza, wance ta ce akasin haka, na uku kuma ya ce bai ga bambanci ba. To, wa za a bi? Yawancinmu jero su muke yi ɗaya bayan ɗaya mu wuce. Akwai wata hanya da masana suka fito da ita, wadda ake kira meta-analisis, inda ake tattaro bincike-binciken da aka yi a kan tambaya guda, a mayar da sakamakonsu ma'auni ɗaya, sannan a lissafa su tare. Gene Glass, wani masanin ilimi ɗan Amurka, shi ya raɗa mata wannan suna a 1976, ko da yake tun 1904 Karl Pearson ya yi irin wannan lissafi a kan allurar rigakafin zazzaɓin taifod da aka yi wa sojojin Ingila.

Aikin yana farawa ne da tsayar da tambaya da sharuɗɗan zaɓe tun kafin a buɗe mujalla ko guda. Wane irin bincike zai shiga, wane ne ba zai shiga ba, kuma me ya sa? Bayan haka sai a fitar da girman tasiri daga kowane bincike. A ce an koyar da aji biyu ta hanyoyi daban-daban. Sai a ɗauki tazarar da ke tsakanin matsakaicin makinsu, a raba ta da gwargwadon yadda makin ɗalibai ya warwatsu. Bisa al'ada, 0.2 ƙaramin tasiri ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Wajen haɗawa kuwa ba a daidaita su; binciken da aka yi da mutum ɗari biyar ya fi wanda aka yi da mutum ashirin nauyi.

Misali mafi kusa da fanninmu shi ne aikin John Norris da Lourdes Ortega na shekarar 2000 a kan koyar da harshe na biyu. Sun haɗa bincike 49 da aka buga tsakanin 1980 da 1998, suka gano cewa koyarwar da ake bayyana wa ɗalibi ƙa'idar nahawu ƙarara ta fi wadda ake barinsa ya tsinto ƙa'idar da kansa. Wannan jumla ce aka fi ɗauka a yi ta yawo da ita. Amma su kansu marubutan sun ja kunne cewa mafi yawan jarrabawoyin da aka auna ɗaliban da su irin na cike gurbi ne da zaɓen amsa, ba hira ko rubutu na sakin jiki ba. Irin wannan jarrabawa kuwa dama wanda ya haddace ƙa'ida take fifitawa. Ke nan malamin da ke koyar da Hausa ga Bayarabe ko Inyamuri, in ya karanta sakamakon ya tsallake wannan gargaɗi, zai ɗauka an tabbatar masa da abin da ba a auna ba, wato iya magana a kasuwa.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne abin da ba a buga ba. Robert Rosenthal ya yi bayaninsa a 1979: binciken da ya sami sakamako mai armashi shi ke fita a mujalla, wanda bai ga komai ba sai ya kwana a durowa. Mai haɗawa kuma abin da ya samu a fili shi yake lissafawa. A farkon shekarun 1990, haɗakar wasu ƙananan gwaje-gwaje ta nuna cewa sinadarin maganiziyam yana rage mutuwar masu bugun zuciya. Da aka yi babban gwaji guda da majiyyata kusan 58,000, wanda aka buga a 1995, ba a ga wannan amfani ba. A wajenmu matsalar ta ma fi tsanani, domin kundayen digiri masu yawa a kan koyar da harsunanmu suna jibge a ɗakunan karatu na sassa, ba su taɓa shiga intanet ba.

Saboda haka in irin wannan maƙala ta zo hannunka, kada ka yi tsalle zuwa adadin ƙarshe. Fara da sashen da ya faɗi inda aka nemo ayyukan, nawa aka samu, nawa aka zubar. Ƙa'idojin PRISMA, da suka fito a 2009 aka sabunta su a 2020, sun buƙaci a zana wannan a jadawali. Sannan ka dubi zanen da ke jera bincike-binciken layi-layi. In layukan sun karkata gefe guda, to da sauƙi. In wasu sun yi gabas wasu yamma, matsakaicin da aka fitar bai wakilci kowa ba, kuma tambayar da ta rage ita ce me ya raba su: shekarun ɗaliban, tsawon koyarwar, ko irin jarrabawar.