Daga Famfon Allura Zuwa Ƙwaya: Yadda Ake Cire Ƙarfen da Ƙarin Jini Ke Tarawa a Jikin Mai Sikila

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara tara mai cutar sikila a garin Kurfi. Tun tana ƙarama ake yi mata ƙarin jini: wani a Kurfi, wani a Dutsin-Ma lokacin da ta je hutu wurin kakarta, wasu kuma a Katsina da ciwon ya tsananta. Kowane asibiti da nasa kati. Ranar da likita ya tambayi mahaifiyarta, "Hajiya, leda nawa aka taɓa ƙara mata?" sai ta ce, "Wallahi likita suna da yawa, ban ƙirga ba."

Wannan adadi da ba a ƙirga ba yana cikin abubuwan da likita ke dubawa kafin ya san ko yarinyar na bukatar maganin cire sinadarin ƙarfe daga jiki. Darasin yau zai bayyana yadda ƙarfen ke taruwa, da magungunan sha da suka zo bayan famfon allura, da kuma aikin da wayar hannu za ta iya yi a kai.

Daga ina ƙarfen yake fitowa?

Sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, shi ke taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su ɗauki iskar oksijin. Jikin baligi na ɗauke da giram 3 zuwa 4 nasa. A kullum jiki na zubar da miligiram 1 zuwa 2 kacal, ta fatar da ke saɓewa da ƙwayoyin hanji da ke mutuwa, sannan ya maye gurbinsa daga abinci.

Matsalar ita ce jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe. Kamar waya ce da ake ta tura mata bidiyo, alhali ba ta da maɓallin gogewa. Kowace ledar jini na ɗauke da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe. Idan an ƙara wa mutum leda 20, ya karɓi aƙalla miligiram 4,000, wato giram 4, kwatankwacin duk abin da ke jikin baligi. Ga yaro ƙarami kuwa, ba sai an kai wannan adadi ba.

Da farko jiki na killace rarar a cikin wani furotin mai suna feritin, galibi a hanta. Idan ma'ajiyar ta cika, sai ƙarfen ya riƙa yawo sakaka, yana lalata ƙwayoyin halitta. Yakan taurara hanta, ya raunana zuciya, ya taɓa gaɓar da ke samar da insulin har ciwon suga ya shigo, ya kuma jinkirta girma da balagar yaro. Abin tsoron shi ne, yakan ɗauki shekaru yana wannan ɓarna ba tare da wata alama ba.

Wa ke cikin haɗari?

Ba kowane mai sikila ba ne. Wanda aka yi wa ƙarin jini sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa ba ya cikin wannan layi. Hasali ma, ana samun mai sikila da ke fama da ƙarancin ƙarfe. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu karɓar jini a kai a kai.

A 1998 wani bincike da aka yi a Amurka, mai suna STOP, ya nuna cewa ƙarin jini na kusan kowane wata na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 90 cikin 100 ga yaran sikila da awo ya nuna suna cikin haɗarin. Sai dai leda ɗaya a wata na nufin miligiram 2,400 zuwa 3,000 na ƙarfe a shekara. Wahalar samun jini da tsadar cire ƙarfe na cikin dalilan da suka sa likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada maganin hydroxyurea don kare yara daga shanyewar jiki, kuma ya nuna amfani. Duk da haka, akwai waɗanda ba makawa sai an ci gaba da ƙara musu jini.

A Najeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila a shekara, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. A ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da na gaɓar Bahar Rum kuwa, masu wata cutar jini ta gado, talasimiya, su ne suka fi shan waɗannan magunguna.

Yadda ake auna shi

Hanya mafi sauƙi ita ce gwajin feritin a jini. Likitoci kan fara maganar magani idan ya zarce 1,000 a gwaji fiye da ɗaya, kuma mutum ya karɓi leda 10 zuwa 20. Amma gwajin na da wata illa: zazzaɓin cizon sauro, da tashin ciwon sikila, da duk wata cuta mai kawo kumburi, suna ɗaga feritin ko da ƙarfen bai ƙaru ba. Shi ya sa ake yin sa lokacin da mutum yake lafiya lau, kuma ana duba jerin sakamako, ba guda ɗaya ba.

Hanya mafi inganci ita ce na'urar MRI. Ƙarfe na dagula maganaɗisun na'urar, sai hoton hanta mai ƙarfe da yawa ya fito da duhu. Manhaja ce ke auna saurin dusashewar siginar, ta mayar da shi lamba. Wannan awo na bukatar manhaja ta musamman da ƙwararre, don haka ba duk inda ke da MRI ake yin sa ba. Ga mazauna Dutsin-Ma da Kurfi, likitocin jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano, su ne za su faɗi awon da ya dace da kuma inda za a same shi.

Zamanin famfo

Maganin farko shi ne deferoxamine, wanda ake sayarwa da sunan Desferal. An samo shi daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, an kuma fara amfani da shi a shekarun 1960. Yana damƙe ƙarfe ya fitar da shi ta fitsari da bayan gida. Amma hanji ba ya tsotse shi sosai, kuma ba ya daɗewa a jini. Mafitar da aka samo a shekarun 1970 ita ce 'yar na'ura mai batir da ke tura sirinji a hankali. Ana soka siririyar allura a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, famfon ya yi ta turawa na awa 8 zuwa 12, dare 5 zuwa 7 a mako.

Maganin ya ceci rayuka da yawa. Amma a yi tunanin yaro da za a soka wa allura kusan kowane dare, shekara da shekaru, ga kuɗin batir da sirinji da ruwan haɗawa. Da yawa sukan gaji su daina. Wannan ne ya tura masana neman wanda za a haɗiya.

Na sha na farko: deferiprone

An fara ba shi lasisi a Indiya a tsakiyar shekarun 1990 da sunan Kelfer. Tarayyar Turai ta amince da shi a 1999, Amurka a 2011 da sunan Ferriprox, sannan a 2021 ta faɗaɗa amincewar ga masu sikila. Galibi ana shan sa sau uku a rana. Yana fitar da ƙarfe ta fitsari, shi ya sa fitsarin kan yi ja-ja, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. An san shi da iya zaƙulo ƙarfe daga zuciya.

Babban haɗarinsa shi ne, ga mutum 1 zuwa 2 cikin 100, yakan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Don haka ana bukatar gwajin ƙirga ƙwayoyin jini kowane mako, musamman a farkon sha. Mai shan sa da ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro zai dakata, ya tafi asibiti a ranar. A yankin da ake ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na sauro, a je kemis a sayi magani, wannan gargaɗi na iya zama bambancin rai da mutuwa. Kafin a fara, sai iyali su tabbatar akwai inda za su riƙa yin gwajin, kuma za su iya biya.

Na sha na biyu: deferasirox

Kamfanin Novartis ne ya ƙirƙiro shi, Amurka ta amince da shi a Nuwamba 2005 da sunan Exjade. Sau ɗaya ake sha a rana, domin yana daɗewa a jini, kuma ta bayan gida yake fitar da ƙarfe. Ana ba yara daga shekara 2. Yanzu kamfanoni da dama na yin sa, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana zuwa iri biyu, kuma a nan ake yawan kuskure:

1. Mai narkewa a ruwa: miligiram 125 ko 250 ko 500. Ana narkar da shi a ruwa ko ruwan lemo, a sha kafin abinci da aƙalla minti 30, a ɗauraye kofin a shanye. Ba a taunawa, ba a haɗiye shi a dunƙule.

2. Mai haɗiyewa: ya fito a 2015 da sunan Jadenu, miligiram 90 ko 180 ko 360. Ana iya shan sa da ɗan abinci mara maiƙo.

Jiki ya fi tsotse na biyun, shi ya sa awonsa ya yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100: miligiram 360 nasa na daidai da 500 na mai narkewa. Idan wanda aka saba ya ƙare a kanti, aka kawo ɗayan, kada a ci gaba da tsohon lissafi. Likita ne ke fitar da awo bisa nauyin jiki.

Wannan magani na iya taɓa ƙoda da hanta, yana kuma iya jawo zubar jini a ciki. Saboda haka ana gwajin ƙoda da hanta da feritin kowane wata, a duba ji da gani sau ɗaya a shekara. Idan yaro na amai ko gudawa ko zazzaɓi, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da jiki ke saurin bushewa, a dakatar a tuntuɓi likita. Ba a haɗa shi da maganin gyambon ciki mai sinadarin alminiyam. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu sikila ke yawan sha, suna ƙara haɗarin ga ƙoda da ciki, don haka dole likita ya sani. Mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, ta faɗa tun kafin a rubuta mata ko wanne daga cikin biyun.

Tarkon "maganin ƙarin jini"

Idan aka ga yaro ya yi fari fat, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a sayo kwalbar maganin ƙarin jini. Yawancin waɗannan na ɗauke da ƙarfe. Amma ƙarancin jinin mai sikila daga saurin fashewar jajayen ƙwayoyin jini yake, kuma ƙarfen da ke cikinsu na nan a jiki. Ba wa wanda ya riga ya tara ƙarfe irin wannan kwalba tamkar zuba ruwa ne a randar da ta cika. A duba jikin kwalbar: duk inda aka ga kalmar ferrous ko ferric ko iron, akwai ƙarfe. Folik asid da ake ba su a asibiti daban ne, babu ƙarfe a cikinsa.

Aikin da waya za ta yi

Komai ingancin maganin, lissafi ne ke tafiyar da shi, kuma ko ƙaramar Android ta isa:

1. Rijistar jini: a buɗe takarda a Google Sheets ko Google Keep, a rubuta kwanan wata, da asibiti, da adadin leda, duk lokacin da aka yi ƙarin jini. A tambayi dangi a cike na baya gwargwadon abin da aka tuna.

2. Hoton sakamako: a ɗauki hoton kowace takardar gwaji tun kafin a bar asibiti, a ajiye a Google Drive, a kuma tura wa wani amintacce a gida. Waya na ɓata, takarda na jiƙewa.

3. Jadawalin feritin: a jera sakamakon da kwanakinsu, a sa alama kan wanda aka yi lokacin rashin lafiya. Sheets zai zana layin da ke nuna hawa ko sauka.

4. Ƙararrawa: ɗaya ta kullum don sha, ɗaya ta wata don gwaji, ɗaya kuma mako guda kafin magani ya ƙare, tunda sau da yawa sai an aika Katsina ko Kano.

5. Hoton kwali: a ɗauki sunan maganin da ƙarfinsa da lambar NAFDAC, a gwada da sabon da aka sayo.

Wanda ba shi da babbar waya, littafin rubutu na 'yan makaranta zai yi wannan aiki, muddin shi ake ɗauka zuwa kowane asibiti.

Kammalawa

Ƙwaya ta kawar da allurar dare, amma ba ta kawar da gwaji ba. Babu wanda ya kamata ya fara shan waɗannan magunguna da kansa, ko ya ba ɗansa don ya ga ɗan maƙwabci na sha. Abin da ke hannun iyaye shi ne su san adadin ledar da aka ƙara, su daina sayen maganin ƙarin jini ba da izinin likita ba, su kuma nemi a yi gwajin feritin idan ledojin sun haura 10. Da mahaifiyar yarinyar nan ta Kurfi za ta ciro waya ta ce, "Likita, leda 14 ne, ga kwanakinsu," da a ranar zai san gwajin da zai rubuta.